Hoton Da Zai Kwana A Bangon Wani

Mahaifiyarki ta zo jiya da yamma, ta miƙo mini wayarta ta ce in ga abin da kike yi. Na sa tabarau na duba. Ga mahaya a Hawan Daushe. Ga hannun wani dattijo ya rine da baba a marinar Ƙofar Mata. Ga Dutsen Dala, hazo ya ci rabinsa. Ƙarƙashin kowanne kin sa farashi, kin ce mai so ya yi magana a buga masa. Na daɗe ina kallo. Ita hankalinta bai kwanta ba, wai ko wannan ma sana'a ce. Na ce ta saki ranta. Sana'a ce, kuma ta gidanmu ce. Ni kawunki na yi shekara 30 da ɗoriya ina wankin hoto a ɗaki mai duhu, da ita na yi aure, da ita na ciyar.

Kina da ido. Wannan ba abin da zan koya miki ba ne, baiwa ce. Maganata a kan abin da ke biyo bayan danna kyamara ne.

A waya, hoto ba ya wuce ƙiftawar ido, yatsa ya ture shi ya kawo wani. Wanda ya cire kuɗinsa aka buga masa a takarda kuwa, bango zai kai shi. Zai gan shi da safe kafin ya fita. Zai gan shi ranar da yake cikin fushi. Baƙi za su tambaye shi inda ya samo. 'Ya'yansa za su tashi suna ganinsa har ya zame musu kamar ɗan gida. To, bangon nan nake so ki riƙa tunawa duk lokacin da za ki yanke shawara a wannan harka.

A zamaninmu mutum yakan shigo shago, ya ɗauki hoto da hannunsa, ya kai bakin ƙofa ya karkata shi ga haske. In bai yi masa ba ya ajiye. Naki mai sayen yana Legas, ko Abuja, ko Landan. Bai taɓa ganinki ba, bai taɓa takardar ba. Cinikin biri a sama yake yi, don ya yarda da ke. Kin ga nauyin duka ya dawo wuyanki.

Bari in fara da abin da ya fi ba sababbi mamaki. Fuskar waya da ta kwamfuta fitila gare su, su suke ba da haske. Takarda ba ta da fitila, aron hasken ɗaki take yi. Shi ya sa hoton da ya yi tas a waya yakan fito da duhu a takarda. Fuskar mahayi da ke ƙarƙashin rawani, wadda kike ganin idanunta sarai a waya, sai ki tarar ta nutse cikin inuwa. Jan rigar dogarai yakan dusashe. Shuɗin baba ma haka, wani lokaci ya karkata ya koma wani launi da ba shi kika gani a bakin ramin rini ba. Maganin abu ɗaya ne. Kada ki sa farashi a kan hoton da ba ki taɓa riƙe shi a takarda ba. Ki buga gwaji. Ki duba shi da rana a tsakar gida, ki sake duba shi da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ki rage hasken kwamfutarki in za ki yi gyara, don kada ta ruɗe ki. Gani ya kori ji.

In gwajin ya yi, ki ɗauki hoton takardar ita kanta. Ki riƙe ta a hannu, ko ki rataye ta saman kujera, mai saye ya ga girmanta kusa da abin da ya sani. Mutane da yawa ba su iya ƙiyasta awo a ka ba. Ki rubuta musu dalla-dalla: A4 santimita 21 ne da 29.7, A3 kuwa 29.7 da 42. Ki ƙara da inci, don mutanen Amurka da shi suke awo.

Girma kuma yana da iyaka. Hoton zamani tarin ɗigo ne ƙanana, masu buga hoto kuma sukan so ɗigo 300 a kowane inci. A wannan lissafi, A3 yana neman kusan ɗigo 3,500 a faɗi da 4,960 a tsayi. Wayar da ke ɗaukar ɗigo miliyan 12 tana ba da kamar 4,000 da 3,000. Wannan ya ishi A4 har da saura, zai kuma lallaɓa ya kai A3. In kika matsa masa ya cika bango, zai farfashe, gefen kowane abu ya yi kamar haƙoran zarto. Wani zai zo ya ce a yi masa ƙato, ga kuɗi. Ki ce masa wannan hoton ba zai ɗauka ba, ga wanda zai ɗauka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Af, kafin in manta: in za ki tura wa mai buga miki ta WhatsApp, ki tura a matsayin fayil. In kika tura a matsayin hoto, manhajar takan matse shi ta rage masa nauyi, ki yi ta zargin mai injin alhali ba laifinsa ba ne.

Sai tawada da takarda. Nan zan ɗan daɗe, ki yi haƙuri da tsoho.

Je ki ɗakin mahaifiyarki ki dubi hotunan bikinta masu kala. Kin ga yadda suka koma ja-ja, fuskoki suka koɗe? Sannan ki dubi baƙi-da-fari na kakanki da ke zaure. Ya girme su nesa ba kusa ba, amma yana nan kamar jiya aka wanke. Launin rini rana ce abokiyar gabarsa. Injinan yau ma tawadarsu iri biyu ce. Akwai mai kama da rini, wadda ke narkewa cikin ruwa. Tana da sheƙi, tana da sauƙin kuɗi, amma haske yana cin ta da wuri. Akwai kuma ta garin launi, ƙwayoyi ne ƙanana da ke zama a kan takarda, ita ce mai jure shekaru. Takarda ma haka. Mai tsami a jikinta takan yi rawaya da daɗewa, kamar tsohuwar jarida. Ta auduga zalla ba ta yi. Akwai wani kamfani a Jamus, Hahnemühle, tun 1584 yake yin takarda, akwai Canson a Faransa, irin tasu masu sayar da hoto na duniya ke nema. Da tsada, ban ɓoye miki ba.

Ban ce lallai da mai tsada za ki fara ba. Kina iya yin mataki biyu, na masu ƙaramin ƙarfi da na masu hali. Abin da nake roƙonki shi ne ki faɗi wacce kika yi amfani da ita. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ba zai zo miki da ƙorafi ba. Wanda aka ce masa tulu ne ya je gida ya ga rariya, shi ne ba ya yafewa. Kuma irin wannan ha'inci ba ya bayyana yau. Sai bayan shekara uku ko huɗu, lokacin da kin yi suna, kin manta da cinikin, sai hoton ya koɗe a falon mutum da sa hannunki a ƙasansa.

Mahaifiyarki ta ce kina tara kuɗin sayen firinta. Dakata tukuna. Injin tawadar gari ba ya son zama. In ya yi makonni ba aiki, bakinsa toshewa yake yi, ki ƙona tawada mai tsada wajen wanke shi. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Ga wuta da za a ɗauke ana tsakiyar bugu, takarda guda ta tafi. Ki nemi mai injin da ya san aikinsa, ki zauna kusa da shi ranar da ake buga naki, ki kai masa ɗan abin taɓawa, ki koyi hannunsa. Ranar da oda ta yi yawan da injin ba zai kwana banza ba, kya sayi naki. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Farashin da na gani kuwa, 'yata, kin tausaya wa masu saye fiye da kanki. Na san dalili, kunya ce. Kina ganin ai takarda ce kawai. Zauna da biro ki rubuta. Kuɗin takarda da bugu. Gwajin da aka buga aka yar. Kwali da leda. Data. Kuɗin motar zuwa filin hawa, da yinin da kika yi a rana. Kyamarar da ke tsufa kullum. Idan ta babbar kasuwar intanet za ki sayar, su ma suna da kasonsu: Etsy, alal misali, tana cire kashi 6.5 cikin 100 na kowane ciniki, ban da kuɗin baje kaya. Sannan ki tuna takarda da tawada daga waje suke zuwa. A farkon 2023 dala ɗaya ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayar da kaya a kan farashin da ya sayo, ya koma kasuwa ya tarar kuɗin ba za su mayar da rabin kayan ba. Ki yi lissafi da abin da za ki kashe in za ki sake sayowa. Uwar kuɗi kuma asusunta daban, kada ki ci anko da ita. 'Yan uwa za su zo neman kyauta, har da ni. Ki ba wanda kika ga dama, amma ki rubuta a littafi don ki san nawa zumunci ya ci.

Kada ki buga sai kuɗi sun zauna a asusunki. Ki buɗe ki gani da idonki, don hoton rasit da alat na bogi sun yi yawa.

Na ga a wani hoton kin rubuta cewa guda 25 kawai za a buga. Dabara ce mai kyau, haka manyan masu hoto ke yi. Ana sa hannu da fensir a farin gefen takarda, a rubuta 1/25, 2/25, har a kai ƙarshe. Mai saye yana ƙara kuɗi ne don an ce masa ba za a yi na 26 ba. Yanzu abin da sauƙi, tunda uku kika sayar. Wahalar tana ranar da 25 ɗin suka ƙare, ga wani mai kuɗi ya nace, ga hayar shago ta taso. Zuciya za ta ce miki wa zai sani. Za ta ce ki ɗan canza girman da santimita biyu ki kira shi sabon bugu. Alkawari kaya ne, 'yata, kuma wannan kin ɗauke shi ne ga mutum 25 a lokaci guda. In kin san ba za ki iya ba, babu laifi, ki bar hoton ba adadi, ki sayar da sauƙi yadda aka nema. In kuwa kin sa lamba, ki sami littafi mai bango mai ƙarfi, ki rubuta wa ya ɗauki ta nawa, a wace rana, a wane girma.

Sunanki ma ki rubuta a bayan kowane hoto, da wurin da aka ɗauka da shekara. Akwai wani mai hoto a Bamako, Seydou Keïta, ya buɗe shagonsa a 1948, yana ɗaukar mutanen gari cikin kwalliyarsu kamar yadda mu ma muka yi. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a Niyok ta Amurka, aka ce ba a san wanda ya ɗauka ba. Sai da aka bi sawu har Mali aka same shi. Abin da ya cece shi, ya adana nagatif ɗinsa dubbai, da su aka sake buga hotunan manya-manya, duniya ta san shi kafin ya rasu a 2001. Naki nagatif ɗin shi ne fayil na asali. Kada ya zauna a waya kaɗai, waya faɗuwa take yi a ruwa, sace ta ake yi. Ki ajiye a wuri biyu, uku ma ba su yi yawa ba. Wanda za ki sa a Instagram ya zama ƙarami, ya isa kallo amma bai isa bugu ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, tana kare hoto shekara 50. Wanda ya sayi takarda, takardar ya saya. Bai sayi izinin sake bugawa a kalanda ko a riga ba. Ki rubuta wannan a rasit cikin ladabi, yawancin mutane rashin sani ne ke sa su yi.

Yanzu ga wadda ta fi damuna.

Ke mace ce, kina shiga inda ni ban taɓa shiga ba. Kina shiga ɗakin amarya ranar ƙunshi. Kina zama cikin tsofaffi suna kaɗi, sun cire mayafi don sun ɗauke ki 'yar gida. Hotunan da za ki samo a can babu namijin da zai samo su, kuma na san za su yi kasuwa. Amma sun saki jiki ne da ke, ba da baƙon da zai rataye su a falonsa a wata ƙasa ba.

Na taɓa yin wannan kuskure. Wata budurwa ta zo na ɗauke ta hoton Sallah. Ya yi kyau ƙwarai, sai na wanke babba na manna a gilashin shago don jan ciniki. Ban tambaye ta ba, ban ma ga abin tambaya ba. Bayan kwana kaɗan mahaifinta ya zo. Bai ɗaga murya ba. Ya gaishe ni, ya zauna a benci, ya ce dangin wanda zai aure ta sun wuce sun gani, magana ta fara yawo a unguwa. Ya ce ya san ban yi da mugun nufi ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ɓamɓare hoton a gabansa, na haɗa masa da nagatif. Ni nawa gilashi ɗaya ne a titi ɗaya, hannu ɗaya ya isa ya cire. Naki in ya shiga intanet, ya bar hannunki har abada.

Don haka ki tambaya, kuma ki tambaya da cikakken bayani. Cewa "in ɗauke ki?" daban, cewa "zan buga in sayar wa mutanen da ba ki sani ba" daban. In ta yarda, ku rubuta ko a 'yar takarda ce. In yaro ne, iyayensa za ki nema. In ta ce hannu kawai ban da fuska, to hannu kawai, kuma sau da yawa hannun ya fi ma kyau. Dattijon nan na marina, kin koma kin kai masa nasa? Ki buga masa ɗaya, ki sa a firam, ki haɗa da wani abu daga cinikin. Hannunsa ne ake saye. Za ki ga yadda za a karɓe ki a wurin nan gaba.

Almajirai kuma, ki yi tunani sau biyu. Akwai masu son hoton yaro da yagaggiyar riga da roba a hannu, suna biya da kyau. Yaron nan zai girma. Wata rana zai zama magidanci, mai shago ko malami, hotonsa na ranar da ya fi kowace yunwa yana rataye a wani wuri. Ban hana ki nuna halin da ake ciki ba. Amma kafin ki sa masa farashi, ki ɗauka ƙaninki ne.

Aika kaya kuwa, a nan aikin wata guda ke lalacewa cikin yini ɗaya. Na taɓa ba wani direba hotunan biki a tasha cikin ambulan, ya cusa ƙarƙashin kujera, aka yi ruwa a hanya. Da suka isa sun manne da juna kamar waina. Ƙananan hotuna ki shimfiɗa su tsakanin kwali biyu masu tauri, da siririyar takarda a fuskar hoton don kada ya goge. Manya ki naɗe su a hankali cikin bututun kwali mai faɗi. Ki sa leda ko da rani ne, balle da damina. Kada ki aika da gilashi, ki bar mai saye ya sa firam a garinsu. In waje za shi, ki bi ta masu ba da lambar bin sawu, ki faɗa wa mai saye kuɗin aike tun kafin ya biya. In duk da haka ya isa da lahani, kada ki tsaya musu. Ki ce ya turo hoton lahanin, ki buga masa wani. Za ki yi asarar takarda ɗaya, shi kuwa zai ba abokansa labari. Ki saka 'yar takarda a ciki, ki gode masa da rubutun hannunki, ki ce kada ya rataye inda rana ke duka ko bango mai danshi.

Za a yi watannin da ba wanda zai yi magana. Mutum dubu za su danna alamar so, ba wanda zai tambayi farashi. Kada ki karaya, kada kuma ki fara zubar da farashi kowane mako, don wanda ya saya jiya zai ji an cuce shi. Ki tuna su wa ke saye. Akwai ɗan Kano da ke aiki a ƙasar sanyi, kewar gida ta dame shi, yana son ya ɗaga kai ya ga Dala. Akwai mai otal, akwai mai ofis. Irin waɗannan suna son labari tare da hoto, layi biyu sun isa, amma su zama daidai. Kada ki kira Hawan Nassarawa da Hawan Daushe, akwai wanda kakansa ya yi hawan, zai gane. Tun da UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disamba 2024, masu tambaya daga waje za su ƙaru, su kuma abin da kika rubuta shi za su ɗauka. Kuma ki rage kayan. Na ƙirga sama da hoto 100 a shafinki. Zaɓi 12 da kika buga kika yarda da su, sauran su jira. Mai tallan da ya cika faranti da komai, ba a sanin me yake sayarwa.

Ranar Juma'a in kin taso, ki biyo ta gida da hoton marinar nan, a buga shi a takarda iri biyu. Za mu zauna a bakin zaure bayan La'asar, lokacin hasken ya yi laushi, mu ga wacce ta riƙe shuɗin. Akwai kuma wani akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadona cike da nagatif, har da na Kasuwar Kurmi kafin a haife ki. Gwaggonki ta sha cewa za ta zubar. Ki zo da kwamfutarki mu ga ko akwai abin da zai fitu. Ki gaishe da mahaifiyarki, ki ce mata ta manta carbinta a nan.